Tekla Mai Gasa Murya

Duk wanda ya yi firamare a Lomsbo ya ci abincin Tekla. Ni ma na ci. Ita ce mai dafa wa makaranta abinci tun zamanin iyayenmu, gajeriyar mace mai faɗin kafaɗa, kuma ba ta taɓa yarda yaro ya rage dankali a faranti ba. Tant Tekla muke ce mata, yadda yaran Suwidin ke kiran duk macen da ta isa haihuwarsu. Yanzu motar kwasar madara nake tuƙawa daga gona zuwa gona, har gemu ya fito mini, amma bakina bai iya kiran sunanta haka kawai ba. Gidanta yana kan hanyata. Nakan tsaya in sha kofi, ita kuma ta yi ta magana.

Da yara suka yi ƙaranci aka rufe makarantar, aka mayar da sauran gari. Ranar da ma'aikata suka zo kwashe kaya, sai suka fito da wasu kwalaye daga ɗakin ajiya na bayan kicin. Faya-fayan rakoda ne a ciki, irin na da, mai zare kamar na kaset amma ya fi shi faɗi, naɗe a kan abu kamar faranti. Wani malami ne ya bar su, Edlund, wanda ya rasu tuntuni. A zamaninsa yakan ɗaure rakoda a bayan keke ya bi gidajen tsofaffi, ya sa su waƙa, ko su ba da labari, ko su faɗi yadda ake wani aiki. Ma'aikatan sun nufi motar shara da kwalayen, Tekla ta tare ƙofa.

"Ban san abin da ke ciki ba," ta ce mini. "Nauyinsu kawai na sani. Shekara da shekaru ina ɗaga su ina share ƙarƙashinsu ina zagin Edlund. Abin da ya ci mini baya haka ba zai tafi bola ina kallo ba."

Ta tura su gida a baro. Ta aro tsohuwar rakoda a coci, ta ɗora faifan da hannunta ya fara kaiwa. Wani tsoho ne ke bayanin yadda ake shafa wa kwalekwale kwalta. Tana shirin kashewa sai ta ji wata mace can baya ta ce, "Sauka daga teburin nan, ɓarauniya." Da kyanwa take. Mahaifiyar Tekla ce, ta shiga maƙwabta a ranar, ba ta ma san ana ɗauka ba. Abin da ya rage na muryarta a duniya ke nan. Tekla ta ce ta zauna a ƙasan kicin ta yi ta mayar da wurin har kofinta ya huce.

Faifai na biyu bai yi mata da sauƙi ba. Ya fara ƙara kamar ƙofar da ba mai, yana barin wani jan danƙo a jikin rakodar. Ta kashe, ta buga waya ma'ajiyar tarihi ta birnin Falun, aka haɗa ta da wata ma'aikaciya mai suna Malin. Malin ta yi mata bayani cewa zaren wancan zamani yana shan laima, sai abin da ke riƙe da murya ya yi laushi ya riƙa saɓulewa. Maganinsa a sa shi cikin ɗumi kaɗan na dogon lokaci har ya bushe, sannan a kunna shi da wuri a kwafe kafin ya sake jiƙa.

"Ashe girki ne," in ji Tekla.

Tana da na'urar busar da yankakken tuffa. Da ita ta fara gasa faya-fayan, Malin tana koya mata ta waya, ita kuma tana biyanta da kwalaben jam, dafaffen 'ya'yan itace da sukari. Ta koyi haɗa zaren da ya tsinke. Ta koyi goge ɗan ƙarfen da zaren ke bi ta kansa, wanda ke karanta murya, da auduga da sifirit. Harshe take ce wa ƙarfen nan, wai da shi rakoda ke lasar magana. Duk abin da ta kwafe, ɗaya ya tafi Falun, ɗaya ya tafi gidan dangin mai muryar.

Daga nan zaman Lahadi ya samo asali. Bayan coci akan taru a zauren ƙauye, Tekla ta kawo kofi da burodin kirfa, ta kunna abin da ta ceto a makon. Ba ta yanke komai. Tari, kuskuren baiti, kukan jariri, duk tana barinsu. Wata Lahadi aka ji kakan mai shagonmu yana rantsuwa cewa ya taɓa kama kifi mai tsawon ƙofa, sai wata tsohuwa ta ce daga baya, "Ƙarya a gidanku ashe gado ce." Mai shagon ya fi kowa dariya, daga baya kuma na ga ya fita waje yana share ido.

Mutum ɗaya ne bai taɓa zuwa zaman ba, Halvar na Gidan Tudu. Tsohon mai saran itace ne, ya haura tamanin, matarsa ta rasu, idonsa ya dushe, kunnensa na hagu ya mutu. Ajinsu ɗaya da yayan Tekla, don haka tun tana yarinya suke tsokanar juna. Wata safiya cikin kaka, ana yayyafi, ya ƙwanƙwasa mata ƙofa da gwangwanin biskit a hammata. Abin da ya biyo baya daga bakinsu su biyu na ji shi, kowa a nasa kicin, kuma ba ko'ina suka yi daidai ba.

"An ce kina gasa matattu," ya ce.

"Ina gasa masu rai ma, in sun shigo mini da taɓo. Cire takalmin."

Ya ajiye gwangwanin a tebur. Faifai ɗaya ne a ciki. Edlund ne ya ba shi bayan rasuwar Brita, mahaifiyar Halvar, shi kuma ya kai shi saman rumbu ya ajiye, bai taɓa kunna shi ba. Kiran shanunta ne, na shekarar ƙarshe da ta hau ruga.

A da, in zafi ya shigo, matan ƙauyenmu kan kora shanu zuwa rugar kan dutse su zauna can har sanyi ya fara. Da yamma kowace ta tsaya a kan tudu ta yi kira da siririyar murya mai ƙarfi, wadda ke ratsa daji ta ƙetare tafki, shanunta su ji su dawo. Kowace mace da nata kiran. Na Brita, in ji tsofaffi, har ƙauyen ƙetare ana jinsa. Kuma a Lomsbo ba a yin kiran nan a ƙarƙashin rufi. Wai wadda ta yi kira a ɗaki ta kori shanu daga gidan ke nan. Yau ba mai hawa ruga, amma ban taɓa jin ko yarinya ta kwaikwayi kiran a cikin gida ba.

Tekla ta buɗe ta shinshina, ta ga farar fumfuna a gefe, zaren ya manne kamar alewa. Ta aika wa Malin hoto. Malin ta ce mata gaskiya: ko an gasa shi, sau ɗaya zai bi ta kan rakoda. Abin da aka kwafe a wannan bin, shi ke nan. Abin da ya kuɓuce ya tafi har abada. Tekla ta share fumfunar a hankali, ta sa shi a na'urar tuffa, ta aika wa Halvar ya zo in ya gasu.

Ya zo, ya tarar ta jera kaya a teburin kicin.

"A nan za ki kunna?"

"A'a, a kan bishiya. Ina kake so in kunna?"

"Ba a ɗaki ba, Tekla."

Ta ɗauka wasa yake. Ta nuna masa taga, ruwa na zuba. Ta ce zaren nan in ya shaƙi laimar waje kafin ya kai rabi ya zama kunu. Kuma ba za a iya jiran rana ba, don an riga an gasa shi, ba zai jure gashi na biyu ba. Ta ɗauko abin sawa a kunne ta nuna masa.

"Duba, ba wanda zai ji. Ni kaɗai, a cikin kunnena."

"Kunnen naki ba a ƙarƙashin rufi yake ba?"

"To in kunna ba tare da na saurara ba? Danƙon zai toshe harshen, murya ta dushe, zaren ya yi ta saɓulewa ban sani ba. Dole in ji, in tsayar, in goge. Kai da ba ka da ko akuya, waɗanne shanu za a kora maka?"

Halvar ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Sannan ya gaya mata abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Sau ɗaya mahaifiyarsa ta yi kira a ɗaki, a gidan kula da tsofaffi, lokacin da hankalinta ya gushe. Ta miƙe a kan gado da yamma ta kira shanun da aka sayar tun da daɗewa. Masu jinya suka zo da sauri suka rufe ƙofa don kada ta tayar wa sauran hankali. Yana tsaye a wurin. Shi ne kiranta na ƙarshe da ya ji.

"Wancan nake ji kullum," ya ce. "Na tudun ya ɓace mini. Ina so in ji shi kafin ɗayan kunnen ya bi ɗan'uwansa. Amma in a ɗaki ne, ba ni gwangwanina."

Ta bar shi ya tafi ba gwangwanin. Na tambaye ta daga baya me ya hana ta kwafe abinta yana gidansa, ta ce masa a waje ta yi. Wa zai gaya masa?

"Na yi tunanin haka," ta ce. "Har na ɗora faifan. Sai na ce, yanzu in miƙa wa mutum muryar uwarsa da ƙarya a naɗe a ciki? Ya yi ta saurara yana gode mini? Na sauke."

Ruwa bai ɗauke ba. Ta rufe faifan a kwanon da iska ba ta shiga, tana dubansa tana duban sama. Dabarar ta zo mata ne tana waya da Malin. Wayar gidanta irin ta da ce mai doguwar igiya, ta jawo ta har bakin ƙofa don ta kori kajin maƙwabta daga lambunta. Tana tsaye a tsakar gida, ruwa na dukanta, sai ta lura cewa maganar Malin ta ratsa falo ta ratsa kicin ba wanda ya ji, sai nan waje ta zama magana. Ta ajiye wayar ko sallama ba ta yi ba, ta hau tudu.

"Halvar, murya a cikin waya, murya ce?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ka amsa dai, kurma."

Ya auna tambayar tukuna, don shi ba ya amsa abu da gaggawa. "Ba murya ba ce sai ta fito."

"To rakoda tana kicin, a bushe. Igiyar abin kunne ta bi ta ƙasan taga. Ni ina waje. Mahaifiyarka ba za ta buɗe baki ba sai a fili."

Saura wanda zai zauna ciki ya danna maɓallin tsayarwa in ta ba da alama. Tekla ta kawo sunayen masu ido da kunne. Halvar ya ce ba wanda zai taɓa faifan nan sai shi. Ta yi gardama, ya kafe. Suka shirya cewa in ta ji murya ta fara dushewa za ta ƙwanƙwasa gilashin taga da ludayi, shi kuma ya danna. Ta zaunar da shi kunnen dama na fuskantar taga, ta ɗora yatsansa a kan maɓallin, suka gwada har ta gamsu. Ta ɗauki lema za ta fita.

"Lema ma rufi ce."

"Kai, Halvar. Kallabi fa?"

"Da kallabi take kira."

Ta ɗaura kallabi a kan abin kunnen, ta rufa leda a sama, ta fita cikin ruwa, ta toshe ƙasan tagar da tawul. Ya kunna.

Ta ce da farko ƙararrawar wuyan shanu ta ji can nesa, da iska. Sai muryar Edlund yana faɗin inda suke. Sai wata mace ta yi dariya ta ce, "In fara? Ka matsa da abin nan, zai fashe maka." Sannan kiran ya tashi. Tekla ta ce ta sha jin kira a faya-fayan Edlund, amma ba ta taɓa jin irin wannan ba. Ba ta bari ya ɗauke mata hankali ba. Da ta ji saman muryar ya fara toshewa ta ƙwanƙwasa, ya danna. Ta cire abin kunnen ta rataye a waje, ta shiga, ta bushe hannunta sosai, ta goge harshen, ta koma. Haka suka yi ta yi, komai daidai. Halvar yana zaune gaban faifai mai juyawa, ba ya jin komai sai ruwa a kan kwanon rufi.

Can kusa da ƙarshe Brita ta shiga kiran shanun da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Nan murya ta dushe farat ɗaya. Tekla ta ƙwanƙwasa. Faifan bai tsaya ba. Ta sake. Ta yi ta bugu har gilashin ya tsage, sannan ya danna. Da ta shiga ta tarar zare kamar tsawon hannunta ya saɓule, ya zama fari fat, ana hango tebur ta cikinsa.

Ita ta ce ya juya mata mataccen kunnen ne. Shi, a gabanta, ruwa yake ɗora wa laifi. Amma ran da na kai masa itace ya gaya mini abin da ya faru. Idonsa ba ya ganin fuska, inuwa kawai yake gani. Ya ɗaga kai ya ga mace da kallabi tsaye a fili, ta ɗaga haɓa sama, kafaɗunta na motsi da numfashin kira, sak mahaifiyarsa. Tekla ba ta san tana yin haka ba. Ya ce ya manta yana da yatsa.

Ba ta ɓoye masa ba. Ta gama kwafe sauran, sannan ta ɗora masa farin zaren a tafin hannu.

"Wannan ya tafi."

Ya shafa shi da babban yatsa. "Me ke wurin?"

"Sunayen shanu. Ta ce Krona, daga nan ban ji ba."

Ya sa takalminsa ya tafi, kofin da ta zuba masa ko taɓawa bai yi ba. Malin ta ce za a iya matse gurbin a kwafin yadda ba mai ganewa. Tekla ta ce a bar shi yadda yake.

Sai da ruwa ya ɗauke, dab da saukar ƙanƙara, aka hau ruga. Tekla ta mayar da zaman Lahadin can. Kusan duk ƙauyen ya je, wasu a tarakta, wasu a ƙafa, da fulas-fulas na kofi da fatun zama. Bukkokin sun ruɓe, ciyawa ta cinye shingen. Ta ɗora lasifika a kan dutsen da tsofaffi suka ce nan Brita ke tsayawa, ta juya bakinta wajen tafki. Halvar ya zauna a kututture, ya karkato kunnen dama.

Ina wurin. Ban san muryar mutum na iya tafiya haka ba. Ta tashi siririya, ta hau, ta ƙara hawa, ta tsaya can sama tana rawa, sannan dutsen ƙetare ya mayar mana da ita. Yaran da ke guje-guje suka tsaya cak. Halvar bai motsa ba, sai leɓensa.

Brita ta kira Krona. Sai gurbin ya zo, ba komai sai shuu. Na ga Tekla ta sunkuyar da kai. A cikin shirun nan Halvar ya yi magana, ba da ƙarfi ba, kamar mai ba da amsa a aji.

"Lilja. Majros. Sai 'yar banzar nan Docka, kullum ita ce ƙarshe."

Muryar ta dawo. Ba kira take ba yanzu, faɗa take. "Docka, na gan ki. Fito daga nan."

Wurin ya ɗauki dariya. Halvar ma ya yi, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ya ce a sake sa masa. Aka sake, kwafi ne, ba ya gajiya.

Mutane sun juya wajen kofi, Tekla ta zo ta zauna kusa da shi da wata 'yar rakoda a hannu. Duk shekarun nan muryoyin da wani ya ɗauka take ceto, ba ta taɓa ɗaukar kowa da kanta ba.

"Abin da ka ɓata, kai za ka biya. Faɗi sunayen a nan."

"Ki liƙa ni a cikin kiranta?"

"Kai da wannan muryar ta tsohon zarto? A gefe zan ajiye ka."

Ya dubi sama, ba komai a kansa sai gajimare. Ya gyara zama.

"Daga ina zan fara?"

"Daga Docka. Me ya sa take makara?"

"Kwaɗayi," ya ce. "Akwai wata fadama bayan dutsen can, ciyawarta daban ce. Ita kaɗai ta san hanya, kuma ni ake aikawa in fito da ita. Matso da abin kusa, labarin da tsawo."